Garwar Man Shanun Goggo

Ba zan taɓa mantawa ba da garar ƙanwata Hajara, ko da kuwa zan manta sunana. Lokacin ina shekarar farko a jami'a, na dawo Haɗejiya hutu, kaina ya kumbura kamar an hura balan-balan.

Kafin hutun an koya mana cewa kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana lulluɓe da siririn tantani na kitse, kuma akwai sinadaran kuza masu son maiƙo, su kutsa cikin tantanin su huda shi, ƙwayar ta yi ta yoyo har ta mutu. (Rabin darasin na ji, sauran gyangyaɗi ya ci.)

Ana gobe kai gara sai ga Goggo, yayar babanmu, daga rugarsu ta wajen Malam Madori. Damina guda ta yi tana tara man shanu, ta soya shi, ta cika garwa fal, ta ƙetaro ruwa da ita a kwalekwale. Ina ganin garwar tana ƙyalli na tuna da kuza ake shafe ta. Ga kuza ga maiƙo! Na miƙe ina ɗaga murya: "Inna, wannan guba ce! Kuzar ta narke a man, duk wanda ya ci jikinsa zai huje!"

Goggo ta ce, "Ɗan nan, tun ba a haifi ubanka ba muke cin man garwa."

Na ce ai shi ya sa tsofaffi ke ciwon gwiwa. (Allah ya yafe mini.) Inna, mahaifiyarmu, ta tsorata, kada a ce ta kashe surukai. Ni da hannuna na haƙa rami a bayan gida na tuttule man a ciki. Goggo tana tsaye tana kallona.

Aka kai gara ba mai. Dangin ango suka fara gunaguni, ni kuma na shiga zaure na yi wa maza bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Ashe wan ango malamin kimiyya ne a sakandare. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Malam, waccan kuzar haɗi ce, ta maganin feshi da fentin jirgin ruwa. Ta garwa ƙarfe ce zalla. In ba haka ba, da madarar gwangwanin da ka sha da safe ta gama da kai."

Zaure ya ɗauki dariya. Na so ƙasa ta tsage.

Hajara ta daɗe tana shan gorin "amaryar da ta zo a bushe", wannan kuwa har yau yana ci mini rai. Goggo ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Sai dai har ta koma ga Allah, in na je ruga, kowa tuwonsa na ninƙaya a mai, nawa gaya. Ta ajiye mini ta ce, "Na Likita ne, ba ya cin guba."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na yarda. Nawa dai a wuyan Hajara da Goggo ya sauka.