Rasuwar Agogon Tsohon Direba a Rami na Huɗu

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, tsohon direban tirela yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar agogonsa mai sarƙar ƙarfe, bayan shekara talatin da ɗaya a hannunsa na hagu.

Marigayin bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya sha rana, ya sha baƙin mai, ya ga tayoyi sun fashe, bai ce komai ba sai tik, tik, tik. In an rufe makullinsa ya ce ƙas, shi ke nan.

Ciwon ajalinsa ba daga jikinsa ya taso ba. Mai shi ne ya fara ramewa tun bara, agogo ya riƙa zamewa zuwa bayan hannu. Ya ƙi kai shi wurin mai gyara, don mai gyara abokin hirar surukinsa ne, kuma ba ya so yara su sani. A gefen makullin akwai ƙananan ramuka huɗu. Sai ya rufe ɗaki, ya danna ɗan ƙarfe mai sifirin da ke riƙe sarƙar da tsinken sakace, ya matsar da shi rami na gaba. Haka ya yi sau biyu, ba wanda ya lura.

Ranar Talata ya kai rami na huɗu, wanda babu wani bayansa. Tabarau yana falo. Kai ɗaya na ƙarfen ya shiga, ɗayan ya tsaya a baki, shi kuwa bai ja ya gwada ba. Yana saukowa daga bene sarƙa ta buɗe. Marigayin ya sauka matakala bakwai shi kaɗai, ya cika da ƙarfe goma da minti takwas.

Ya bar sarƙa, da fasasshen gilashi, da farin zane a fatar mai shi.

Za a yi jana'iza gobe da safe a aljihun tebur, cikin tsohon hankici, kusa da lasin tuƙi. Masu ta'aziyya su yi haƙuri, ba za a zauna karɓar gaisuwa ba. Babbar 'yar direban ce ta tsinci gawar, da ta kamo hannun uban kuwa, yatsu biyu suka zagaye shi har da saura. Daga wajen binnewa asibiti za ta wuce da shi.