Wa Ya Haɗiye Almon ɗin Ejnar?

Jama'a, ku yi mini afuwa in kun ga rubutun yau ya karkace. A kishingiɗe nake yin sa, maɓallin wando a ɓalle, ciki kamar ganga. Kwano biyar na shinkafar madara na ɗura wa cikina jiya Lahadi. Ba kwaɗayi ba ne, ƙwayar almon guda ɗaya tak, 'yar abin nan mai kama da gyaɗa, nake taya wani nema, alhali wani babban mutum ya riga ya yi gaba da ita. Bari in faro muku daga tushe.

Farkon watan nan na Disamba aka bi gida-gida ana jefa mana wani littafi a akwatin wasiƙa. Takarda mai sheƙi, shafi sittin da huɗu, sunansa "Kirsimeti Ba Tumbi". Masu girma 'yan Kwamitin Kula da Cikin Talaka ne suka wallafa shi, Allah ya ƙara musu basira. Su ne dai bara suka soke bas ɗin ƙauyenmu, suka rufe ɗakin shan magani, sannan suka aiko mana da takardar cewa tafiyar ƙafa tana ƙarfafa zuciya. Sun yi gaskiya. Tun daga lokacin nake taka kilomita shida cikin ruwan sama don a auna mini jini, kuma kullum sai likita ya ce ya hau.

A shafin farko ga hoton Mai Girma Shugaban Kwamiti riƙe da karas yana murmushi. Mai hoton ya san aikinsa, iya ƙirji ya ɗauka. Daga nan sai girke-girke. Agwagwar Kirsimeti a feɗe fatarta, a cire kitsen, a turara abin da ya rage, in akwai. Dankalin nan da iyayenmu ke juyawa cikin sukari da man shanu, yanzu a ruwa za a dafa shi, "a kuma ci cikin natsuwa". Duk na shanye. Amma da na kai shafi na arba'in sai da na cire tabarau na goge. Wai shinkafar madara, wadda duk faɗin Denmark ba gidan da zai yi Kirsimeti babu ita, a gurza farin kabeji a madadin shinkafa, a zuba tsala a madadin kirim. Ƙwayar almon kuwa an haramta ta, wai tana iya shaƙe tsoho. A raba wa mutane lambobi a yi ƙuri'a.

Ƙuri'a! Kamar waɗanda muke yi musu sun amfane mu da wani abu. Tun kaka da kakanni ƙwaya ɗaya ake ɓoyewa sukutum cikin tukunya, wanda ya tsince ta a kwanonsa shi ke da kyauta. Kuma ba ya faɗa, sai ya maƙale ta a kumatu ya yi fuska, kowa ya yi ta ƙari yana nema har a ga gindin tukunya. Daɗin abin ke nan. Ban taɓa jin wanda almon ya kashe a ƙauyen nan ba, amma na san mutum biyu da sanyi ya kwantar a hanyar asibiti.

Da a littafi abin ya tsaya da sauƙi, sai mu hura wuta da shi. To sai ga wasiƙa ta biyo baya. Walimar da muke yi wa tsofaffin da ba su da kowa, Lahadin da ke gaban Kirsimeti, a zauren taron ƙauye, dole a bi littafi, in ba haka ba a karɓe makullin zauren. Kuma Mai Girma da kansa zai zo ya gani.

Maƙwabciyata Bodil ce ke dafa shinkafar nan shekara arba'in da ɗaya. Ta leƙo ta kan shinge, wasiƙar a hannu.

"Preben, kai da ka iya karatu, wai farin kabeji na gani ko idona ne?"

"Shi ne, Bodil. An ce lafiya uwar jiki."

"Uwar wa? Ni za a koya wa tukunya? Wanda ya rubuta wannan ko ruwan shayi ya ɗora sai ya ƙone." Sai ta sassauta murya. "Ka ga, ƙwayar almon ɗin bana ta Ejnar ce. Ko sama za ta faɗo."

Ejnar tsohon masunci ne, shekararsa tamanin da takwas, kuma tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa tsintar almon ba. Abin ya zama abin tsokana a gari, shi ma yana dariya, amma na sha ganin yadda yake bin kwanonsa da cokali a hankali kamar mai neman allura. Bayan sabuwar shekara za a kai shi gidan tsofaffi a birni, kuma likita ya daina yi masa zancen baɗi. Na dubi Bodil.

Na ce, "Wato maguɗi za mu yi."

Ta ce, "A ƙasar nan mu kaɗai ne ba mu taɓa yi ba."

Ran Asabar ta tafasa shinkafarta ta gaskiya a gida, ta naɗe tukunyar cikin bargo ta cusa a gado ta ƙarasa nuna, yadda uwarta ke yi. Da ta huce ta haɗe ta da kirim har cokali na tsayawa. Jiya da safe ni na turo ta a baro, lulluɓe da bargon, duk wanda na gamu da shi in ce masa wanki ne. Ta Kwamiti kuma muka girka ta a zaure, muka ajiye a gaba inda ido zai gani, amma ta Bodil za a zuba wa jama'a. Fari da fari, wa zai bambance? Almon ɗin Bodil ta tura shi cikin wani kwano mai tsaga a baki, ta ajiye a mazaunin Ejnar, kusa da hita mai ɗumama ɗaki.

Ƙarfe goma sha biyu Mai Girma ya iso, mota har bakin ƙofa, kada tafiyar ƙafa ta ƙarfafa masa zuciya fiye da kima. Mai hoto na biye. Muka ci agwagwar turare cikin natsuwa kamar yadda doka ta ce, ba ka jin komai sai ƙarar haƙoran roba. Ana kawo shinkafa Ejnar ya tashi zagayawa, kun san tsufa. Mai hoto ya duba ya ce haske ya fi kyau kusa da hita. Kafin Bodil ta ajiye ludayi, Mai Girma ya baje a kujerar Ejnar, ya ja kwano mai tsaga gabansa.

Ya kai cokali ɗaya, ya lumshe ido. Ya kai na biyu.

"Kun gani ko? Wa zai ce farin kabeji ne wannan? Wata shida muka yi muna bincike a kansa!"

"Ranka ya daɗe, ai binciken ya fito," in ji Bodil. Murmushi take yi, amma idonta na kan kwano mai tsaga.

A cokali na shida na ga muƙamuƙinsa ya tsaya cak. Ya ɗan zaro ido. Sai harshe ya yi aikin da ya saba tun yana ɗan shekara biyar a teburin uwarsa, kumatun hagu ya ɗan tasa, ya yi fuska. Hali zanen dutse, jama'a. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Mu talatin a zauren, duk mun san ma'anar kumatun nan, ban da Ejnar da ya dawo aka zaunar da shi can ƙarshen tebur.

Bodil ta ɗauko kyautar, kwalin cakulan ɗaure da jan zare, ta dire a tsakiyar tebur. Ta daina ɓoye-ɓoye.

"To, wa ya samu? A fito da ita."

Nan fa Mai Girma ya shiga tsaka mai wuya. In ya fito da ita, ga mai hoto, ga kwano ya kusa ƙarewa, ga dokarsa. Ni kuwa ina ta addu'a a zuci. Abu mai sauƙi ne, ya tufo ta a cokali, ya yi dariya, ya tura wa tsoho kwalin. Da ya yi haka, da na yafe masa bas ɗin. Na kafa masa ido. Ya ɗauki kofin ruwa, maƙogwaro ya yi sama ya yi ƙasa. Kumatu ya koma daidai.

"Almon kuma? Ai an hana," in ji shi, ya goge baki.

Ejnar dai bai san dawan garin ba. Ya miƙo kwanonsa. "Bodil, ƙaro mini. Tana ciki, jikina ya ba ni bana tawa ce."

Wa zai iya gaya masa? Haka muka yi ta ci muna taya shi nema, kwano bayan kwano, har ludayi ya fara kankarar ƙarfe. Mai Girma ya ce yana da wani taron, ya karɓi ƙari a roba ya tafi da shi. Bodil ta tura wa Ejnar kwalin, ya mayar mata.

"Ba na cin kyautar tausayi. A ina kika sa ƙwayar?"

Ta nuna kwano mai tsaga. Ya daɗe yana kallon kwanon, ya kalli kujerar da ke kusa da hita. Na zaci zai yi fushi. Sai ya yi wata 'yar dariya wadda har yanzu take ci mini rai.

"Shekara tamanin da takwas ina cewa ni ne marar sa'a. Ashe rabona yana zuwa har kwanona, wani ne ke zama a kujerar."

Yau da safe Kwamiti ya fitar da rahoto. An yaba wa ƙauyenmu, an ce an bi littafi sau da ƙafa, kuma ba a samu ko ƙwayar almon ɗaya a zauren ba. Ni dai shaida ne, wannan ne karo na farko da suka rubuta gaskiya. Makulli na hannunmu, mun gode. Mai Girma kuwa ina yi masa fatan narkewa lafiya, tunda ko ta shaƙe shi ba shi za a ce ya taka zuwa asibiti ba.