Kwalabe Biyu a Ƙarƙashin Kazar Goggo

Ko zan manta da komai na karatuna, ba zan taɓa mantawa da ranar da matan Gubuchi suka kama ni rabin jikina a cikin akurki ba. Ina shekarar ƙarshe ne a fannin gwaje-gwajen asibiti, ga ni da baki, irin ɗaliban nan masu gyara wa malami zance. Aikin kammalawata a kan wani yis ne, ba na burodi ba, wani mugun ɗan'uwansa da ake samu a busasshen kashin tantabara, wanda in ya shiga jikin mai raunin garkuwa yakan kai har ƙwaƙwalwa. Yawancin danginsa ba sa jure zafin jikin mutum. Shi kuwa yana da wasu furotin guda biyu da ke riƙe juna a cikinsa, su taimake shi ya jure. Abin da malamata Dakta Saratu ta ɗora mini shi ne in nuna cewa in aka sa maganin da ke raba su, yis ɗin zai girma a sanyin ɗaki, amma ya kasa a zafin jiki.

Saura kwana goma a miƙa aiki, na'urar ɗumama ƙwayoyi ta makaranta ta ƙone, aka ce mai gyara sai wani wata. Wanda bai miƙa ba kuwa sai baɗi, ni kuma na riga na cika wa dangi baki cewa bana zan fito. Sai na yi abin da bai kamata ba. Na ɗauki ƙananan kwalabena huɗu, na naɗe bakinsu da baƙin salatif, na yi musu alama da jan biro, na hau motar Makarfi zuwa garinmu Gubuchi ban gaya wa Dakta ba.

Da farko hammata na gwada. (E, hammata. Ai zafin jiki ake nema.) Awa biyu ina yawo a ƙame kamar mai maruru, da aka kira azahar na ga ba yadda zan yi alwala, na haƙura. Ina zaune a tsakar gida abin duniya ya ishe ni, sai idona ya faɗa kan kazar Goggo Lami, ƙanwar babana, tana kwanci a akurki. Na ɗauko ma'aunin zafi na zura ƙarƙashinta. Ta caccaki hannuna son ranta, amma da na duba, talatin da bakwai da 'yar ɗoriya, daidai zafin jikin mutum! Nan take na cusa kwalabe biyu cikin ƙwai, ɗaya da magani ɗaya babu, na bar sauran biyun, su ma ɗaya da magani ɗaya babu, a ɗakina inda sanyin damina ke ratsawa. Safe da yamma sai in faki ido in auna zafin, in rubuta a littafi. Goggo ba ta san kazarta ta samu aiki ba.

Kwana na huɗu ya faɗo ranar sunan ɗan yayana. Gida ya cika maƙil da mata, har daga Paki da Janfalan. Ni kuma na ci ado, babbar riga da hula, ina ta karɓar gaisuwa, ana cewa ga likitanmu. Da la'asar ta yi na ga hankalinsu ya koma kan rabon abinci, sai na sulale. Akurkin na laka ne, ƙofarsa 'yar ƙarama, kazar kuma hayaniya ta sa ta jawo ƙwanta can ƙurya. Na zura hannu, bai kai ba. Na zura kai, na zura kafaɗa, na cafko kwalabe. Da na zo fitowa riga ta tattare a wuyana, na maƙale, ba gaba ba baya. Kaza ta ce da wa Allah ya haɗa ni ba da kai ba, tana kyarkyara tana sarar kunnena.

Da ƙafafu suka jawo ni. Na miƙe ba hula, gashin kaza a kaina, kashinta a gaban riga, ga kwalabe biyu a hannu. To, ka duba mana: baƙin salatif, jan rubutu, ƙarƙashin kaza mai kwanci, ranar suna. Ko kai ne me za ka ce? Wata tsohuwa ta hau salati, surukar yayana ta sure jariri ta shige ɗaki. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Goggo ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai ɗan nan, wa kake so ka nakasa? Wane boka ya ba ka?"

Na soma bayani da manyan kalmomin makaranta, na ga abin ƙara lalacewa yake. Sai na tambaye ta ko sa ɗaya zai iya huɗa in aka kwance ɗan'uwansa daga karkiya. Ta ce a ƙasa mai laushi ya lallaɓa, amma ban da mai tauri. Na ce to haka cutar nan take, shanu biyu gare ta a ciki, jikin mutum ne ƙasa mai tauri, ni kuma so nake in ga ko maganin nan zai raba su.

Ta fizge kwalaben ta ɗaga su a rana, yadda take duba ƙwai. Ta ce, "Wannan ya yi fari kamar ruwan koko. Wannan kuwa garau yake, ba komai."

Ni ko dubawa ban yi ba tukuna. Na karɓa na duba, sai ga shi mai garau ɗin shi ne mai magani. Na ruga ɗaki, na tarar biyun can duk sun yi fari. Aiki ya yi! Na fito ina tsalle ina hamdala, da kashin kazata da komai. Mata suka yanke hukunci cewa ba mugu ba ne, karatu ne ya taɓa shi. Goggo kuwa da ta gane cuta na kawo gidan mai jego, ta wanke ni tas, kuma gaskiyarta ce.

Ranar kare aiki, baƙon farfesan da aka gayyato ya tambaye ni da wace na'ura na yi gwajin, tunda ya ji tamu ta ƙone. Na ce, "Kaza ce, ranka ya daɗe." Zauren ya kece da dariya, ban da Dakta Saratu, wadda ta ɗora faɗa daga inda Goggo ta tsaya. Farfesa ya buɗe littafin awona ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a maimaita gwajin a wurinsu. Aka maimaita, sakamako ya fito daidai da na kaza. A shekarar na fito.

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Kudan, takardar shaidata na rataye a bango, ba mai ɗaga kai ya karanta ta. Amma duk matar da ta zo daga wajenmu, tun daga ƙofa za ka ji tana tambayar ina Likitan Akurki. Abin da na koya ke nan: in za ka yi abin kunya, yi shi a gaban farfesoshi, su sukan manta. Kada ka kuskura ka yi shi a gaban mata ranar biki.