Ranar da Injiniya Ya Sabunta Kowa

Duk ma'aikatar da ta samu mutum irin Injiniya sai ta gode wa Allah. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi wannan suna, amma tunda shi ya raɗa wa kansa, wa ya fi shi sanin cancantarsa? Kwamfutoci arba'in ne a ƙarƙashinsa. Yana yawo da filas uku na adana bayanai a wuya da tarin makullai a ƙugu, tun yana kan bene ake jin tahowarsa. A bayan idonsa kuwa Malam Kashe-ka-kunna ake ce masa, don maganinsa ke nan ga kowace cuta.

Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya. Duk sanda kwamfuta ta nemi a sabunta manhajojinta, sai ma'aikata su danna "sai anjima". Wata shida ana anjima.

Da ya ji Darakta zai naɗa shugaban sabon sashen fasaha, sai ya tara jama'a a baranda, ya gyara wuyan riga.

"'Yan'uwa, zamani ba ya jiran kowa! Ran Laraba da ƙarfe goma daidai, na riga na saita daga kujerata, kwamfutoci arba'in za su rusuna su sabunta kansu. Na cire 'sai anjima'. Wanda bai adana aikinsa ba, ya kuka da kansa."

Goggo Sakatariya, wadda ta shekara ashirin da shida tana buga takardun ma'aikatar, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ɗan nan, wancan karon da ka taɓa min ita, kwana uku ina neman inda ake ja wa rubutu layi."

"Goggo, ci gaba ke nan. Ci gaba ba ya tambaya."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta. Ta karɓi rahotonsa za ta gyara masa, don gwanin namu ya fi ƙarfin waƙafi da aya.

Ana haka sai ofishin Darakta ya aiko cewa Injiniya ya zo ya gabatar da aikinsa ran Laraba, goma saura kwata. Wani zai tsaya ya yi lissafi. Injiniya kuwa guga ya kai kwat ɗinsa.

Laraba ta yi. Manya sun cika ɗakin taro. Injiniya ya jona kwamfutarsa da majigi, ya ɓata minti goma sha huɗu yana ba da tarihin gwagwarmayarsa da jahilci. Sannan ya ɗaga yatsa.

"Ranka ya daɗe, yanzu za ka ga abin da ido bai taɓa gani ba."

Gaskiya ya faɗa. Goma na cika, bango ya yi shuɗi fes, wani ɗan zobe ya fara juyawa, rubutu ya fito: ana sabuntawa, kashi ɗaya cikin ɗari, kada a kashe. Ashe da ya ce kwamfutoci arba'in, har da tasa. Ya lalubi "sai anjima" da linzamin kwamfuta, sai ya tuna wanda ya cire shi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

"A kawo wata mana," in ji Darakta.

Aka leƙa ofis-ofis. Ko'ina zobe na juyawa, ma'aikata sun harɗe hannu suna hira kamar ranar hutu. Akanta ya leƙo ta taga ya ce, "Injiniya, ko a kashe a kunna?"

Gumi ya jiƙa kwat ɗin guga. Kashi uku. Darakta ya dubi agogo, ya fara tattara takardunsa, kujerar shugaban sashe na shirin bin sa waje.

Sai ga Goggo, masinja na biye da ita rungume da tsohuwar kwamfutarta. Aka jona, rahoton Injiniya ya fito tsaf, har da waƙafi. Nan take ƙirjinsa ya dawo wurinsa. Ya karanta shafi bayan shafi da murya mai kauri, har ya iso na ƙarshe, inda aka rubuta da manyan baƙaƙe: AN SABUNTA ARBA'IN CIKIN ARBA'IN.

Darakta ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "To ita wannan, me ya sa ba ta juyawa?"

Injiniya ya buɗe baki zai kawo bayanin fasaha. Goggo ta riga shi.

"Ranka ya daɗe, tun ran da ya yi jawabi na zare wayar intanet da ke bayanta na sa a jaka. Ina da wasiƙu goma da za su fita yau."

An ba shi kujerar, don Darakta mutum ne mai tausayi, kuma sabuntawar ta kammala lafiya wajen azahar. Sai dai takardar naɗin nasa, Goggo ce ta buga ta, a kan kwamfutar nan dai. Da ya zo karɓa ya rage murya.

"Goggo, yaushe za ki bari in sabunta miki?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sai anjima, ɗan nan."