Ciyawar da Aka Naɗe Mini Kamar Tabarma

Da misalin ƙarfe bakwai na safiyar jiya, an ɗan yi yayyafi ya ɗauke, iska na kaɗawa mai daɗi, ni kuwa ina tsaye a layin gidan mai da ƙaramin galan a hannu, ina ta murmushi ni kaɗai. Wani direba da ke bayana ya leƙo ya ce, "Malam, ina motarka?" Na ce ba ni da mota. "Babur fa?" Na ce babu. "To man me kake jira?" Na ce, "Ciyawata zan yi wa aski." Mutumin nan ya ja gilashinsa sama a hankali.

Ku yi haƙuri, masu karatu, bari in koma baya kaɗan, ni ba mutum ne mai sauri ba. Kwanan nan Allah ya ba ni gida a sababbin gidajen da manya suka gina can bayan gari. Ɗaki biyu da falo, sai ɗan fili a gaba wanda in akuya za ta kwanta sai ta tanƙwashe ƙafa. Ni da na tashi a gidan haya, tsakar gida duk siminti da igiyar shanya, ba abin da na ƙwallafa rai a kai irin in ga kore shar a ƙofata. Na sayo iri na watsa. Famfon da aka yi mana alkawari kuwa, in ka murɗa shi sai ya yi tari ya yi shiru. Tsuntsaye suka tsince irin nan tas, suka bar mini kashi a kan taga.

Ana nan sai ga wata babbar mota ta shigo layinmu, an lodo ta da wasu abubuwa a naɗe kamar tabarmi. Ma'aikata suka sauke, suka warware a ƙofar kowane gida. Jama'a, ciyawa ce! Da saiwarta da ƙasarta! Na cire takalmi na ɗora ƙafa ɗaya, sanyi ya ratsa ni har ƙeya. Na ƙwala wa matata kira, "Fito ki gani, mun zama manya!"

Ashe Mai Girma Mai Almakashin Yanka Ƙyalle ne zai zo buɗe unguwar. Ranar famfonmu ya warke daga tari, ya yi ta ambaliya. Mai Girma ya tsaya a kan ciyawata, tawa ta ƙofata, ya ce kowane talaka ya cancanci kore a gaban gidansa. Na yi tafi har tafin hannuna ya yi zafi. Da ayarinsa ya tashi, wata tankar ruwa ta fito daga bayan gidaje ta bi su, famfo kuma ya koma tarinsa.

Maƙwabcina tela ne, kuma duk abin da ka tambaye shi ya sani. Ya ce, "Ƙanina, ciyawa kamar sabon yadi take. Ba a jiƙa ta da tsakar rana, ba a taka ta da takalmi, in za a yanke kuma, baki-baki ake ragewa." Na riƙe maganarsa gam. Bokitin wankana na safe na raba biyu, rabi nawa rabi nata. Da rana ta ƙara zafi na bar mata duka. Matata ta dube ni ta dubi ciyawar ta ce, "Maigida, ɗayanku na ƙamshi, amma ba kai ba ne."

Ciyawa ta ji daɗi ta yi tsawo, shi ne tela ya aro mini injin yankan ciyawa wurin surukinsa. Inji kuwa sai da mai. Abin da ya kai ni layi ke nan.

Sai da rana ta take na samu. Na dawo ina rera waƙa, galan na lilo a hannuna. Ina karya kwanar layinmu na hango motar nan ta rannan, ma'aikata sun duƙufa suna naɗe ciyawar mutane.

Na sami shugabansu a inuwa yana danna waya. Na ce, "Yallaɓai, barka da aiki. Laifin me ta yi?"

Ya ce, "Ba ta yi laifi ba. Mai Girma zai buɗe wata unguwa jibi. Can ma talakawa sun cancanci kore."

"To mu fa?"

"Ku ai an buɗe ku. Ciyawar nan ta fi ni yawo, Malam. Wane gida ne naka?" Na nuna masa. Ya miƙe tsaye ya ba ni hannu. "Kai ne mai wannan? Madalla da kai! Taka ta fi ta kowa kyau. Ita za mu shimfiɗa daidai inda zai tsaya."

Wallahi sai da na ji wani daɗi ya taso mini kafin in tuna kwashe ta za a yi. Kuma a gaskiya a yaba wa manya. Wane irin tattali ne ya kai wannan, ciyawa ɗaya ta ishi unguwanni duka, talaka ya shayar da ita kyauta?

Wani dattijo cikin ma'aikatan ne ya zo kan tawa. Ya dubi galan ɗina, ya dubi bokitin wankana a gefe, ya dubi ƙafafuna da suka yi furu-furu. Ya ci gaba da naɗi, da ya kai ƙarshe ya zaro wuƙa ya yanki wani ɓangare kamar faɗin faranti, ya shure shi bayan duron ruwa da dunduniya. Na buɗe baki, shugabansu ya waiwayo, na rufe. Dattijon ya saɓa sauran a kafaɗa ya hau mota, ko kallona bai yi ba.

Guntuwar ciyawar tana nan bayan duro, kore shar, kofi ɗaya ya ishe ta, ni ma na koma wanka. Da almakashin tela na yi mata aski. In kun ga hoton Mai Girma gobe, ƙafarsa ɗaya a kan ƙasa tsirara, ba ku ji komai daga bakina ba.