Shekara Biyar Don a Ce Ba Zai Yiwu Ba

Ba zan taɓa mantawa da walimar Nasiru ba, ɗan yayata da ya dawo Rano da digiri na uku a kimiyyar kwamfuta. Ni aka ɗora wa gabatar da shi, ni da karatuna ya tsaya a aji shida. Damuwata ɗaya ce: kada in tsaya gaban jama'a in yabe shi da abin da bai yi ba, in kwashi zunubin ƙarya. (Ni fa mutum ne da kokwanto ke sa shi sake alwala sau uku.)

To amma na riga na cika baki. Duk ranar kasuwar Kibiya sai na gaya wa mutane cewa ɗanmu manhaja yake ƙerawa. Har na yi wa Hedimasta Garba alkawarin zai rubuta masa wadda za ta riƙa haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai. Don kowa ya shaida ban yi ƙarya ba, sai na sa aka ɗauko kwamfutar makarantar a kan babur, aka girke ta a kan tebur, aka tayar da janareto.

Da na karɓi makirufo, na ce Dakta ya fito ya nuna wa dattawa aikinsa. Nasiru ya matso, ya ce a hankali, "Kawu, ni ba wannan nake yi ba." Ya yi bayani cewa rubuta manhaja sana'a ce mai daraja, amma nasa binciken a takarda yake. Hujja ya kafa cewa akwai wani irin lissafi da ba zai taɓa warwaruwa ba ta hanyar da masana suka daɗe suna bi, komai ƙarfin kwamfutar.

Na manta makirufo yana bakina. Na ce, "Wato shekara biyar ka yi don ka gano abu ba zai yiwu ba?"

Lasifika ta kai maganar har bakin titi. Wuri ya kwashe da dariya. Yayata ta aiko daga cikin gida a tambaya ko lafiyata ƙalau. Hedimasta yana kallon kwamfutarsa, ni kuma ina kallon takalmana, gumi na bin wuyan babbar rigata.

Malam Sale mai haƙar rijiya ne ya cece ni. Ya ce rijiya uku ya taɓa haƙawa a wani fili a Nariya, duk dutse ya tarar. "Da na samu wanda zai ce mini kada in haƙa a nan, da yanzu bayana a miƙe yake. Yaron nan ya yi aiki."

Manhajar Hedimasta kuwa, Rabi ce ta rubuta ta, ƙanwar Nasiru mai difiloma, cikin mako biyu. Ba wanda ya yi mata walima. (Wannan ma ya hana ni sukuni, sai da na kai mata zabi biyu.)

Yanzu kafin in yabi ɗan boko, sai na ja shi gefe na tambaye shi ko mai haƙawa ne ko mai hana haƙawa. Kuma ina yin tambayar tun kafin a kunna lasifika.