Amiral Hassoumi da Jirgin Tsaron Gaɓa

Duk Montreuil da ke gefen Paris babu masanin teku kamar Alhaji Hassoumi, mai sayar da atamfa. Gaskiya ne a Tanout aka haife shi, inda guga ke gajiya kafin ya taɓa ruwa. Amma sau biyu ya hango teku ta tagar jirgin sama, kuma ba kowa Allah ke ba wannan ba.

A shekarar 1984 ya kai kaya Le Bourget, ya tarar ana baje kolin jiragen ruwan yaƙi. Nan ya ga samfurin wani jirgin tsaron gaɓa, tsawon tabarma, da 'yan bindigoginsa kamar tsinken tsire. Ya yi hoto kusa da shi, ya sayi farar hular kapiten. 'Yan uwa suka sa masa Amiral, wato babban hafsan sojan ruwa. Bai tambayi dalili ba, ya amsa.

Da zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar Nijar mazauna Paris da Lyon ya ƙarato, Amiral ya tsaya takara.

"Jama'a, ƙasar da ba ta da jirgin yaƙi marainiya ce! Ku zaɓe ni, ni zan yi wa gwamnati hanyar sayensa."

Tsoho Malam Daouda ya ce, "Alhaji, a ina za mu ɗaure shi? Tafkin Cadi ma an ce ya bar N'guigmi."

"Wannan sirrin soja ne, Malam."

Ƙuri'un Paris suka rabu biyu, sai abin da Lyon ta ce. Amiral ya tafi can neman ƙuri'a da hotonsa.

Mutanen Lyon sun san karamci, baƙo da abin da yake so suke tarbarsa. Bayan dambu, uwar ƙungiyarsu Hajiya Fatou ta kai shi tafkin babban lambun gari, aka kawo ɗan kwalekwale.

"Bismilla, Amiral. Mu 'yan tudu ne, mu gani mu koya."

Ƙin karamci abin kunya ne. Amiral ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya bar ɗaya a tudu saboda tsaro. Kwalekwale ya ja gaba, Amiral ya faɗa ruwa tsundum. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

"La'ilaha illallahu! Ku gaya wa iyalina su yafe mini!"

"Alhaji, miƙe tsaye," in ji Hajiya.

Ya miƙe. Ruwan bai kai gwiwarsa ba.

Hular kuwa ta nufi tsakiyar tafki, ba ko tangaɗi, agwagi na ba ta hanya. Hajiya Fatou ta bi ta da kallo.

"Da hula na tsayawa zaɓe," ta ce, "da yau mun yi shugaba."